Fitilata Ta Tafi Ba da Shaida

Jama'a, ku matso ku ji yadda iya karatu ya raba ni da fitila.

Ranar kasuwar Makarfi na sayar da mazarƙwailata, na ce bari in leƙa sabon kantin nan da aka buɗe bayan samun mulkin kai. A kantin, da hannunka kake ɗaukar kaya, kowanne da 'yar takardar kuɗinsa a rataye, ba tayi ba ragi. Uwargida Sakinatu ta daɗe tana mitar hayaƙin aci-balbal, ni kuwa na yi mata alkawarin fitilar ƙwai. Ga ta nan tana ƙyalli, takarda ta ce sule huɗu da sisi. Da idona na karanta, don rani biyu na yi ina zaman ajin yaƙi da jahilci.

Na kai wa akawu, wani Haliru mai alƙalami a bayan kunne. Ko ɗago kai bai yi ba.

"Sule shida, Baba."

"Malam akawu, takarda fa ta ce huɗu da sisi."

"Kuɗin makon jiya ke nan, ba mu samu sukunin sakewa ba. Ko dai karatun ne bai nuna ba?"

Mutane suka fashe da dariya. Wallahi ƙarin kuɗin bai ƙona mini rai kamar wannan magana ba.

Ashe Inna Zulai mai daddawa tana bayana, ta shigo sayen ashana. Ta gyara mayafi ta ce, "Kai ɗan nan, shekara arba'in ina kasa daddawa. In na ce kwabo, mai saye ya ce ya saya, ko na faɗi sai in sallama. Magana zarar bunu ce. Bakina da ba tawada bai tashi ba, sai takardarku?"

Ta fita bakin ƙofa ta yi ta kiran 'yan kasuwa su zo su ga kantin da takarda ke faɗin nata, akawu na faɗin nasa. Kan ka ce kwabo wuri ya cika. Mai kanti ya fito yana share gumi, ya ce kuskuren nasu ne, a ba ni a yadda aka rubuta. A gabanmu ya sa aka bi sauran takardun aka gyara.

Da a nan na tsaya da na more. Sai maƙwabcina Jumare ya zuga ni: "Yanzu fa ƙasa tamu ce. Kai ƙara wurin manya, kada gobe a cuci wanda bai iya karatu ba." Na zauna na rangaɗa takarda da hannuna.

Allah ya ja zamanin manya, ba sa wasa da kukan talaka. Wata biyu kacal sai ga mota uku a garinmu Nasarawan Doya: Mai Girma Sarkin Bin Diddigin Farashi, da Wakilin Riƙe Masa Jaka, da Magajin Buɗe Ƙofar Mota. Man da suka ƙona ya isa a saya wa duk unguwarmu fitila. Zakaruna biyu suka riga mu gidan gaskiya.

Da aka wanke hannu na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, ai tuni an sasanta."

"Wa ya ba ku izinin sasantawa? Ina abin da ake ƙara a kansa?"

Sakinatu ta miƙo fitila ta bayan zana. Ya juya ta, ya yaba ƙwanta, ya ce shaida ce, za ta zauna a hannunsu har kwamiti ya gama zama. Kantin kuwa ba su je ba, wai rana ta yi.

Mun koma wa aci-balbal. Sakinatu tari kawai take yi idan na shigo, kuma na san da ni take. Jumare ya kai shanu birni, ya dawo ya ce ya hangi fitilata rataye a zauren Mai Girma, tana ba da shaida kowace magariba.

Saboda haka, ɗan'uwa, in takarda ta ce huɗu da sisi, kafe a kan huɗu da sisi, haƙƙinka ne. Amma ka waiwaya ka nemi irin su Inna Zulai, ka bar manya su huta.

Jiya masinja ya zo a kan keke. Wai lagwanin shaida ya ƙare, kuma a ƙa'ida mai ƙara ke ciyar da shaidarsa. Na ba shi taro, na ce ya gaishe mini da ita.