Inna Mai Koren Ido Ta Sha Wutar Da Ba Tata Ba

Da zuciya cike da baƙin ciki, da baki cike da maganganun da ba a faɗa a gaban manya, Malama Jawahir Isyaku ta Fagge, a madadin ɗaukacin 'yan Zauren Gwaji, tana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da masu gyaran rediyo da waya na Fagge da Sabon Gari, rasuwar Inna Mai Koren Ido. Rasuwar ta auku ranar Juma'ar da ta wuce, da misalin ƙarfe goma sha ɗaya na safe, a kan teburinta, a gaban idon wanda ya kashe ta. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ga wanda Allah bai nufa ya san ta ba, marigayiyar na'ura ce, irin wadda 'yan boko ke kira osiloskof. Akwatin ƙarfe ce mai ruwan toka, da nauyin jarkar ruwa, da ɗan gilashi a goshi wanda bai fi tafin hannu ba. In ka ɗora wayoyinta biyu a jikin abin da ya lalace, sai ta zana maka da koren layi yadda wuta ke tafiya a cikinsa, inda take gudu da inda take tuntuɓe. Abin da mai gyara zai wuni yana lalube, Inna kallo ɗaya take yi masa.

An haife ta a Japan, shekara arba'in da 'yan kai da suka wuce. Marigayi Malam Isyaku Mai Rediyo, mahaifin Jawahir, Allah ya jiƙansa, shi ya karɓo ta daga hannun wani baƙon injiniya da ya gama aiki a wata masaƙa zai koma ƙasarsu. Ta yi shekara ashirin da shida a shagonsa na Fagge, ba ta taɓa cewa ta gaji ba. Da aka zo rabon gado, kowa ya nuna abin da ransa ke so. Jawahir ba ta kalli fili ba, ba ta kalli shago ba, ta nuna Inna. Yayyenta suka yi ta dariya. Ta rungumo ta a cinya cikin adaidaita sahu, ta ƙi yarda a sa ta a baya.

Saboda Inna aka buɗe Zauren Gwaji, shekara shida ke nan. Ɗaki ne a saman bene, daidai inda Fagge ta ƙare Sabon Gari ta fara, da tebura huɗu da ƙarafan narka dalma da tarin matattun kayan wuta. Duk Asabar yana cika: ɗalibai, masu gyaran waya, teloli masu kukan imbata (na'urar da ke ba su wuta daga batir), har da wani direba da ya rantse sai ya haɗa fanka mai aiki da hasken rana. Doka ɗaya ce rubuce a bango: taɓa komai, in ka ɓata ka gyara. Makulli kuwa biyu ne. Ɗaya a hannun Jawahir, ɗaya a hannun abokin kafa zauren, Oga Kenechukwu, haifaffen Sabon Gari, wanda ya yi shekara ashirin yana ja wa gidajen mutane waya. 'Yan Fagge Jawahir suke biyowa, 'yan Sabon Gari kuma shi. A riƙe sunan nan da kyau, domin za a sake jin sa.

Halayen marigayiya ba su ɓoyu ba. Ba ta ƙarya, ba ta kara. Akwai wani Alhaji mai shagon atamfa a Kantin Kwari da ya kawo imbatarsa bayan masu gyara uku sun ce masa batir ne. Inna ta duba, ta zana layi a karkace, aka bi karkacewar aka samu ɗan abu wanda bai kai ƙwayar wake ba. Kuma ba ta son gaggawa. In an danna ta sai ta ce “ƙas”, ta yi shiru, sannan ta fara “mmmmm” a hankali, kamar tsohuwa mai gyara zama. Sai an yi minti ɗaya da rabi koren layin zai buɗe ido. A cikin minti ɗaya da rabin nan wani ƙamshi ke tashi, na ɗumin ƙarfe da tsohuwar dalma, ƙamshin shagon Malam Isyaku ba ragi. Jawahir ba ta taɓa gaya wa kowa ba, amma duk safiyar Asabar takan riga kowa zuwa don ta shaƙe shi ita kaɗai. Cikin duk abin da mahaifinta ya taɓa da hannunsa, Inna ce kawai ta rage tana motsi.

Lalura ɗaya gare ta, kuma da ita aka haife ta. Wutar ƙasarsu ba ta kai rabin tamu ba. Saboda haka ba ta shan wuta daga bango, sai ta hannun mijinta, wani baƙin taransifoma mai rage ƙarfin wuta da ke zaune a gindin tebur. Kuma Allah ya yi mata kariya: fuloginta na can ne, mai faffaɗan haƙora biyu, wanda ba ya shiga soket ɗin bango ko da mutum zai hau kansa ya zauna. A wuyan fulogin Malam Isyaku ya ɗaura jan ƙyalle da hannunsa. Ba a rubuta komai ba, don kowa ya san jan ƙyalle ba ado ba ne.

To, kowa ban da masani.

Oga Kene yana da wata cuta, ba ya iya ganin tsohon fulogi ya wuce. Ranar Juma'a ya buɗe zauren da makullinsa, da leda cike da sababbin fulogai masu haƙora uku, wai zai gyara wa 'yan Asabar wuri. Ya canja wa fanka, ya canja wa ƙarafan dalma, duk lafiya lau. Sai idonsa ya faɗa kan na Inna. Ya ga haƙora biyu, ya ga tsumma, ransa ya sosu. Ya sa filaya ya datse, da fulogin da jan ƙyallen, ya jefa a kwandon shara. Ya ɗaura mata sabo, ya ƙara ɗaure sukurori, aiki mai kyau wallahi, ba wanda zai kushe ɗaurin. Sannan don ya tabbatar da kyan aikinsa, ya cusa a bango ya danna.

Marigayiya ta ce “ƙas”. Ba ta kai ga “mmmmm” ba. Ta ce “zzzz”, ta ce “fau!”, wani farin hayaƙi ya fito ta haƙarƙarinta. Jawahir tana kan matakala, dawowarta ke nan daga kasuwar Singa da ledar shayi da sukari na 'yan Asabar, warin ya tarye ta. Ta san warin. Ta saki ledar.

Ta same shi tsaye yana yi wa gawa fifita da kwali. Ya ce, “Wallahi, Malama, taimako na yi. Fulogin ya tsufa.”

Ta ce, “Oga Kene, shekara shida kana ganin jan ƙyallen nan. Ka ɗauka kwalliyar salla ce?”

Ya ci gaba da fifita. Ta durƙusa ta zazzage kwandon shara, ta ɗauko fulogin ubanta, ta sa a jaka.

Abin da Jawahir ta rantse za ta yi daga Juma'a zuwa Lahadi ba zai shiga takarda ɗaya ba. Ta ce za ta rubuta sunansa da jan fenti a ƙarƙashin dokar bango. Ta ce za ta ɗauki lasifika ta bi layin 'yan kayan wuta na kasuwar Sabon Gari shago shago, ta gaya musu irin injiniyan da suke gaisarwa da hannu biyu. Ta ce za ta je gidansa ta canja wa firjin matarsa fulogi, ita ma don taimako. Amma babbar rantsuwar ita ce ta makulli: sai ya ajiye shi a kan tebur, kuma ƙafarsa ba za ta ƙara taka benen ba. Philomena, malamar kimiyya da ke koyar da masu farawa a zauren, ta tuna mata cewa in makullin nan ya fita daga aljihun Kene, rabin ɗakin zai bi shi ya sauka, kuma rabin ɗaki ba zaure ba ne. Jawahir ta ce su sauka, har da matakalar su tafi da ita.

Ranar Lahadi da rana, bayan ta taso daga coci, Philomena ta zo duba gawa, domin abu ɗaya ya hana ta sakat. Na'ura irin wannan tana da fis, ɗan abin da aikinsa ke nan ya tsinke in wuta ta yi yawa, ya mutu don uwar ɗakinsa ta rayu. Don me bai tsinke ba? Ta juya Inna, ta kwance murfin gidan fis a baya. Babu fis. Zaren tagulla ne a ciki, an murɗa shi sau uku, ya yi baƙi ƙirin amma yana nan daram. Ta ɗora shi a tafin hannun Jawahir ta ce, “Anti, wannan fa?”

Jawahir ta san murɗin. Shekara biyu da suka wuce, wata Asabar ɗaki cike da mutane, fis ɗin ya tsinke, babu wani fis a kusa. Ta zare tagulla daga guntun waya ta murɗa, tana cewa a ranta zuwa Litinin za ta sayo. Litinin ta zo ta wuce sau ɗari. Kuma abu ne da Malam Isyaku ya taɓa korar mai gyara daga shagonsa a kansa. Da fis ne a wurin ranar Juma'a, da Inna suma kawai za ta yi.

Kada wani ya ɗauka wannan ya wanke Kene. Bai wanke shi ba, ko kusa. Shi ya datse, shi ya cusa, shi ya danna, kuma har gobe Jawahir in ta tuna sautin filayar nan da ba ta ji ba, sai ranta ya sake ɓaci. Abin da ya ƙara mata wuta ma shi ne, yanzu fushin ya yi wa mutum ɗaya yawa, kuma na biyun da ita yake kwana da ita yake tashi.

Marigayiya ta rasu ta bar mijinta, baƙin taransifoma, wanda tun Juma'a yake gurnani a gindin tebur ba shi da wanda zai ciyar. Ta bar wayoyin gwaji biyu, ja da baƙa, marayu. Ta bar mita ɗaya mai allura, ƙanenta a shagon Fagge, wanda ido ya fara yi wa nauyi. Ta bar almajirai da ba su ƙirguwa, ciki har da mutum goma sha ɗaya da yanzu suke da teburin gyara nasu na kansu. Akwai kuma wata sabuwar na'ura 'yar roba, mara nauyi mara ƙamshi, da Oga Kene ya aiko da ita ranar Litinin a matsayin ta'aziyya. An tura kwalin ƙarƙashin tebur da ƙafa, ba a buɗe ba, kuma ba a lissafa ta cikin dangi ba.

Ga yadda aka tsara jana'iza. An tuntuɓi Malam Hamzat, dattijon zauren, ya ce babu salla babu likkafani, ƙarfe ƙarfe ne, kada a ja masa magana. Saboda haka za a bi al'adar gida, wato a kwance mamaci a raba wa masu rai. Za a taru ranar Asabar mai zuwa a Zauren Gwaji. Oga Kenechukwu shi zai kwance ta, da hannunsa, a tsaye, ba kujera, kuma fankar da ya canja wa fulogi za ta huta ranar. Zai cire kayan cikinta ɗaya bayan ɗaya da ƙarfen dalma, sun haura ɗari huɗu, ya gwada kowanne, ya kira sunansa da ƙarfi, ya ce mai rai ne ko matacce. Masu rai za a zuba a gwangwanaye don masu koyo. Gilashin goshi na Jawahir ne, kada wanda ya ko kalle shi.

Batun makulli an yanke. Ba za a karɓe ba, sauƙi ne wannan. Za a ɗaura masa tsohon fulogin da jan ƙyallensa a jikin makullin, da waya mai kauri, ya dinga yawo da su a aljihu suna sukar cinyarsa. Duk wanda ya tambaye shi mene ne wannan, a coci ko a kasuwa ko a gidan da ya je jan waya, wajibi ne ya ba da labarin tun daga ledar fulogai.

In an zo kan gidan fis, za a dakata. Kene zai matsa gefe. Malama Jawahir Isyaku za ta tashi a gaban 'yan Fagge da 'yan Sabon Gari, ta ɗaga zaren tagullar sama, ta faɗi sunan wadda ta murɗa shi da ranar da ta murɗa. Sannan ta ɗaura shi a jikin nata makullin. Ta riga ta yi gargaɗi cewa duk wanda ya ce mata “ba komai” a wurin, shi zai share ɗakin har ƙarshen shekara.

Za a fara da ƙarfe goma na safe daidai, bayan an yi shiru na minti ɗaya da rabi. Allah ya jiƙan Malam Isyaku, ya yafe wa 'yarsa. Mai zuwa da goro ya koma da abinsa. Fis ake karɓa a bakin ƙofa.