Sarkin Faransawa na Hadayek el-Maadi

"Ɗakin nan nawa ne, ko Fir'auna ya dawo bai isa ya hana ni ba!"

Sagiru ke nan, sarkin cika baki, ɗalibi a unguwar Hadayek el-Maadi ta Alƙahira. Yayansu Sada zai koma gida Katsina, zai bar babban ɗaki mai na'urar sanyi, magada kuma biyu ne: Sagiru da ƙanensa Haisam. In ka taɓa ɗanɗana zafin Masar, ka san wannan ɗaki gadon sarauta ne.

To, gogan naka ya karanta tarihin tsofaffin sarakunan Faransawa, inda ya ga cewa dogon gashi shi ne alamar sarauta, wanda duk 'yan'uwansa suka aske ya rasa gado. Shi ke nan, ya bar aski. Gashi ya taru masa kamar tsohuwar tsintsiya, yana tafe yana girgiza shi. Saura a sauke Haisam, mai ɗan tulin suma.

"Haisam, tsaya! Mene ne wannan ke tafiya a kanka? Innalillahi, ƙwarƙwata!"

"Yaya, da gaske?"

"Har da jikokinta. Yalla, maza wurin Tarig wanzami!"

Haisam ya dawo kai tal, yana sheƙi. Sagiru har da taka rawa a kicin, wai ya kawar da abokin hamayya ba a zub da jini ba.

Sai Sada ya shigo, ya ga ƙwalƙwal. "Masha Allah, yau ka zama mutum! Me ya faru?"

"Yaya Sagiru ne ya gano mini ƙwarƙwata."

Sada ya juya a hankali, ya ƙare wa dajin da ke kan Sagiru kallo. "Ashe ga hedikwatarsu nan."

"Yaya, wallahi wannan gashin sarauta ne, a tarihin..."

"Khalas, magana ta ƙare! Ɗaki na Haisam ne, ba zan ba ƙwari na'urar sanyi ba. Katifarka a shanya ta a baranda, kai ma ka bi ta."

Da kansa Sada ya tisa ƙeyarsa zuwa shagon Tarig. Aska na bi, hawaye na zuba, abin tausayi abin dariya. Haisam ya leƙo ta madubi cikin ladabi.

"Ma'alish, yi haƙuri, Yaya. A littafin naka, in an aske 'yan sarki duka biyu, wa ke kwana a baranda?"