Ƙudan da Ya Halarci Suna

Duk unguwar Asawase ta Kumasi, kai har ka gangara Atonsu, ba a taɓa yin mai ido irin Kamaluddin ba. Shi da kansa ya tabbatar da haka, kuma wa ya fi shi sani? Shekaru ya yi yana ɗaukar hoton fasfo a gindin katangar masallaci, yana cewa mutane su ɗaga haɓa. Ranar da ya samu wani gilashin kyamara na hannu, mai tsawon taɓarya, sai Allah ya buɗe masa basira ya gane cewa ɗan'adam bai cancanci kallo ba. Ya koma ƙwari. Samarin majalisar shayi suka naɗa shi Farfesan Kwata, shi kuma ya karɓi rabin farko na sarautar ya bar musu ragowar.

Da sassafe za ka gan shi kwance rubda ciki a bakin kwata, lokacin da sanyi bai saki ƙudaje ba. Ya ɗauke numfashi, ya matsa gaba kaɗan, ya ja baya kaɗan, kamar mai neman gafara. Motar haya ta trotro ta taɓa tsayawa, fasinjoji suka sauko za su ɗauki gawa. Gawar ta ɗaga hannu ta ce a yi shiru.

Da yamma yakan yi wa majalisa karatu, ko an tambaya ko ba a tambaya ba.

"Ku 'yan waya, komai kuke so ya fito, har da bokitin maƙwabta. Ilimi shi ne zaɓi. Iya kusantarka da abu, iya ƙanƙancewar inda zai fito sarai. A wajen aikina bai kai kaurin ɓawon albasa ba. In idon tururuwa ya fito, ƙugunta ya tafi. Sai ka buɗe ƙofar haske, ka tsayar da ido a kan abu guda mai daraja, duniya duka ta dushe a bayansa."

Is'haƙa mai shayi ya ce, "Farfesa, kuɗin kofin da ka sha jiya ma ya dushe ke nan?"

Manya ba sa amsa irin wannan.

Ana nan sai aka yi haihuwa a gidan Hajiya Safiatu mai waakye, wato shinkafa da wake, wadda duk unguwa ke layi a rumfarta da safe. Uban jaririn, ɗanta Abdul-Karim, yana Italiya. Mahaifiyar Hajiya kuwa, Inna Hajaratu, ta taso tun daga Bawku da ciwon ƙafa don ta riƙe ɗan jikanta, kuma ta faɗa a fili cewa wannan ce tafiyarta ta ƙarshe a mota. Abin da Hajiya take so bai da yawa: hoto ɗaya, Inna da jariri a cinya, ita da mai jego a gefe, a aika wa uban.

"Kamalu, ɗana, ka zo ka ɗauke mu."

"Hajiya, ni na bar ɗaukar mutane. Amma saboda ke zan sauko."

Ya sauko ranar suna da hula mai baki a baya. Sharaɗinsa na farko, kowa ya mayar da wayarsa jaka. "Inda likita yake ba a kiran wanzami," in ji shi. Mata suka bi, don kyamara mai wannan tsawon ba ta yi kama da mai ƙarya ba.

Aka zaunar da Inna, aka gyara mata mayafi, aka ɗora mata yaro. Tsohuwa ta yi murmushin da ta yi tanadinsa tun daga Bawku. A daidai nan wani koren ƙuda ya sauka a kan hular jaririn. Abin nema ya samu. Farfesa ya daina numfashi. Ya taka, ya ƙara takawa, ya durƙusa, har bakin gilashin ya kusa taɓa goshin yaro.

"Wannan yaron ba ya ganin nesa ne?" Inna ta tambaya.

"Aiki ne, Inna, haka ƙwararru ke yi," in ji Hajiya.

Kyamara ta yi ta ƙyas-ƙyas. Da ƙudan ya tashi, Farfesa ma ya tashi ya kakkaɓe gwiwa. "An gama. Yau an kafa tarihi a gidan nan." Washegari Inna ta hau motar arewa.

Bayan mako ya kawo hoton a cikin firam, ɗauke da hannu biyu. Gaskiya dai a faɗe ta, ba a taɓa ganin ƙuda mai kwarjini haka ba. Idanunsa ja, ɗaki-ɗaki kamar saƙar zuma, gashin ƙafarsa ana iya yi masa kitso. A bayansa akwai wani hazo mai ruwan ƙasa da ɗan fari a sama.

Hajiya ta juya hoton, ta sake juyawa. "Ina uwata?"

"Ga ta nan, wannan laushin na baya. Turawa suna biyan kuɗi don su samu irinsa."

"To jikana fa?"

"A kansa ƙudan yake tsaye, Hajiya. Ba don shi ba ai da ba hoto."

Hajiya ba ta yi faɗa ba. Ta dai daɗe tana kallon hazon nan, sannan ta kife firam ɗin a kan benci.

Da safe Farfesa ya shiga layin waakye da kwanonsa kamar kullum. Da ya iso gaba, Hajiya ta miƙa hannu ta gefen kunnensa ta karɓi kwanon na bayansa. Ta zuba, ta karɓi na gaba.

"Hajiya, ga ni nan fa. Ni ne Kamaluddin."

Ta ƙanƙance ido tana duban saitin kafaɗarsa, inda wani ƙuda ke wanke hannu.

"Ajara," ta ce da mai taya ta, "zuba wa baƙon nan namu na ranar suna, ga shi na gan shi sarai. Wannan laushin na bayansa kuma, ce masa ya matsa, yana tare mini layi."