Ƙanzo da Man Shanu

Ba zan taɓa mantawa da ranar suna a gidan Malam Sale ba, ko da zan yi shekara ɗari.

'Yata Rabi shekararta takwas, amma rigar yayarta 'yar sha uku take sawa. A ƙauyenmu, nan gefen Tsanyawa, yaro mai ƙiba shi ne wanda uwarsa ta iya reno, ni ma ina ta hura hanci. Sai da ta fara haki in ta ɗebo ruwa muka je asibiti. Ma'aikaciyar ta ce a rage mata maiƙo da zaƙi, in ba haka ba ciwon suga na iya kama ta. Ranar ban ci tuwo ba (wanda ya san ni ya san ba ƙaramin abu ba ne).

To gidajenmu dangar kara ce kawai ta raba su, kuma yaro in ya tarar ana ci ba a hana shi. Sai na bi gida-gida ina kafa doka kada kowa ya ba Rabi abinci. Wata guda cur, Rabi ko alamar raguwa babu. Na ce lallai wata na yi min zagon ƙasa, zargina ya sauka kan maƙwabciyata Iya Talatu mai ɗanwake.

A tsakar gidan sunan, mata maƙil, na ɗaura gyale a ƙugu na tare ta. Na ce ta ji tsoron Allah ta daina ɗura wa 'yata mai. Ta rantse ko loma ba ta ba ta ba. Na jawo Rabi na ce ta faɗa wa duniya wa ke ba ta abinci a ɓoye.

Yarinyar ta dube ni ta ce, "Inna, ai ke ce. Ƙanzo da man shanu, in Baba ya tafi gona. Kika ce wannan ba ci ba ne, taɓawa ce."

Har mai jego sai da ta leƙo daga ɗaki tana dariya. Iya Talatu ta gyara zama ta ce, "To Hajiya likita, a ci gaba da binciken?"

Ina neman inda zan ɓuya, sai na ji wata daga baya ta ce buhun gero ya tona asiri. Nan take kunyar ta gudu. Na ce a yi dariya da ni har a gaji, hannuna ne ya ɗebo man, amma duk wadda ta ƙara kiran 'yata buhu, ni da ita ce. Na ba Iya haƙuri, na kama hannun Rabi muka fito, ko wainar suna ban karɓa ba.

Yanzu ƙwaryar man tana kulle a akwatin mai gida, ni na miƙa masa da kaina, kuma Rabi ta fara saɓulewa a hankali. Ni kuwa na koyi darasi: in zan tuhumi gari, zan fara tambayar yarinyar a ɗaki, ƙofa a rufe.