Tumatirin da Ake Yi wa Faɗa

Akwai wani tsohon hedimasta a Funtuwa, Malam Shitu, wanda ya yi shekara talatin da biyar yana faɗa a makaranta. Da ya yi ritaya sai ya tattaro faɗan nan kaf ya dawo da shi gida, matarsa Lantana ta maye gurbin ɗalibai ɗari shida ita kaɗai. Ba ya duka, ba ya ashar, mita ce dai da ƙorafi daga safe har yamma. In miya ta yi daɗi sai ya ce saura ƙiris gishiri ya yi yawa. In ta share tsakar gida sai ya tambayi dalilin da ya sa tsintsiya take kwance maimakon a jingine. Lantana ta saba, har takan ji kamar wani abu ya ɓace a gidan in ya yi tafiya.

Wata rana aka turo masa bidiyo a waya. Wani mutum sanye da farar riga yana bayani cewa wai masana sun gano tsiro yana jin magana: in ana yi masa kalamai masu daɗi sai ya yi girma ya yi 'ya'ya, in ana yi masa tsawa sai ya ƙanƙance ya bushe. Malam Shitu ya kalla sau uku, ya ɗauki maganar ya kai majalisarsu ta bayan la'asar. Amininsa Malam Tanimu, tsohon malamin gona, ya saurara har ƙarshe sannan ya ce shi a iya aikinsa taki da ruwa da rana ya sani, bai taɓa ganin kunne a jikin tumatir ba.

"Iliminka ya tsufa, Tanimu," in ji Malam Shitu. "Ka ba ni wata uku. Zan kira ku gaba ɗaya ku gani da idonku."

Washegari ya samo buhunan siminti ashirin ya cika da ƙasa, ya jera goma a dama, goma a hagu a can ƙarshen tsakar gida, ya dasa tumatir iri ɗaya. Na dama za su sha yabo, na hagu za su sha faɗa. Har alli ya sa ya rubuta a jikin katanga don kada a samu ruɗani.

Safiyar farko Lantana tana bakin murhu tana dama koko sai ta ji wata murya mai taushi daga bayanta, muryar da ba ta taɓa ji a gidan ba.

"Kin tashi lafiya, kyakkyawa? Kai, yau kin yi kyau. Allah ya yi miki albarka."

Ludayin ya tsaya a hannunta. Ta gyara ɗankwali, ta juya a hankali ta ce, "Na'am, Malam?"

Yana tsugune gaban buhu. Ko waiwayowa bai yi ba ya ce, "Ba da ke nake ba. Ki kula da kokon nan, jiya ya yi gudaji."

Ta koma ga tukunyarta.

Haka aka ci gaba kullum. Sai dai Lantana, da yake daga madafa tana hango komai, ta lura da abin da shi bai lura ba. Yabo aiki ne mai wuya a wurin Malam Shitu. Sai ya tsaya gaban buhunan dama yana laluben abin faɗi, butar ban ruwa a karkace a hannunsa, ruwa na ta kwarara har ƙasar ta zama taɓo kafin ya haɗa jimla biyu. Da ya isa hagu kuwa, nan ne fagensa. Cikin minti ɗaya ya wanke su tas: "Malalata. Dubi yadda kuka tsaya kamar ba ku karya ba. Ku ba za ku taɓa zama komai ba." Ya ɗan yayyafa musu ruwa daidai misali ya wuce.

Sau ɗaya ta gwada ce masa, "Malam, anya ruwan na dama bai yi yawa ba?"

"Wannan binciken kimiyya ne," ya ce. "Ba girki ba ne."

Ta koma madafa ta ci gaba da girkinta.

Da wata uku suka cika, sai ga sakamako a fili. Na dama, 'yan gatan da ake kira kyakkyawa, ganyensu ya yi rawaya, sun langaɓe, uku ma sun ruɓe daga saiwa. Na hagu, malalatan, sun yi duhu sun yi rassa, 'ya'ya jajaye sun yi musu nauyi har sai da aka tokare su da kara. Malam Shitu ya so a manta da alkawarin, amma Malam Tanimu ba mai mantuwa ba ne. Ranar Asabar da hantsi ya yi sallama da mutum huɗu na majalisa, aka shigo da su ta ƙofar baya. Lantana ta shige madafa ta saki labule, tana jin su.

Mutanen suka dubi dama, suka dubi hagu, suka dubi rubutun alli a katanga. Wani ya yi tari. Malam Tanimu ya dangwali ƙasar buhun dama da yatsa, ya ɗago shi jiƙe sharkaf, ya ce cikin ladabi, "Ina ganin daɗin bakin ne ya yi musu yawa har suka nutse."

Malam Shitu ya ɓata rai. Ya ce ba haka ba ne, akwai dai wanda ya sa hannu a bincikensa. Ya juya wajen madafa ya ɗaga murya.

"Ke Lantana. Kin taɓa buhunan nan?"

"Ban taɓa ba, Malam," ta amsa daga bayan labule.

"Ba ki sauya musu wuri ba? Ba ki zuba wa na hagu taki a ɓoye ba?"

"Ko kusa da su ban je ba. Ai ka ce ba girki ba ne."

"To ki gaya mini," ya ce, yana nuna na hagu da hannu yana huci, "ta yaya abin da ake tashi da shi da faɗa kullum safiya, ba a taɓa ce masa sannu ba, zai zauna ya yi ta zuba 'ya'ya haka?"

Labulen ya ɗan motsa. Lantana ta ce, a natse:

"Haba Malam, kai ne da wannan tambayar? Ai ni ma tara na haifa maka."