Hotunan Gidanmu na Zongo

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai wa dangi hotunan gidanmu ba, ko da yake na yi iya ƙoƙarina in manta. Lokacin ina shekarar farko a makarantar koyon sana'a, sashen ɗaukar hoto, ina yawo da kyamarar aro a wuya, kaina ya kumbura. Malaminmu ya koya mana cewa jera mutane su tsaya ƙiƙam aikin masu hoton bakin kasuwa ne. Mai fasaha na gaske, in ji shi, ɗan ƙaramin abin da ido ke tsallakewa yake nema. Na haɗiye maganar nan ko taunawa ban yi ba.

A shekarar ne aka sanar za a rushe unguwarmu ta Zongo a nan Wagadugu. Kakata, wadda muke kira Yaaba, ta sa aka kira ni. Ta ce tunda Allah ya ba ta miji mai kyamara (haka take tsokanata), in ɗauki gidan kaf kafin katafila ta iso, don jikokin da ba a haifa ba su ga inda aka fito. Gidan da kakanmu ya gina da cinikin goro ne, a cikinsa aka yanke cibiyar kowa. Na bugi ƙirji na ce ta kwantar da hankalinta.

Ranar ɗaukar hoton, kowa ya ci ado, aka jeru a ƙofar gida, Yaaba a tsakiya bisa kujera. Ni kuwa na watsa su. Kawu Sani, ƙanen mahaifina, ya roƙe ni ko guda ɗaya in yi musu, na ce ya bar masu ilimin abin su yi aikinsu (Allah ya yafe mini wannan baki). Na ƙarar da fim ɗina a kan tsagewar bango, inuwar buta, tsatsar kwanon rufi da wata ƙusa. Baƙi da fari kuma, har da kwanciya rub da ciki a tsakar gida. Malam ya yaba ƙwarai, ya manna su a bangon aji.

Aka rushe gida, dangi suka watse, wasu suka koma unguwar Gounghin, wasu ta Dassasgho. Da Sallah ta zo muka haɗu a gidan da Kawu ya kama haya, aka ce in fito da hotuna. Na miƙa su ina jiran tafi.

Hotuna suna zagayawa hannu zuwa hannu, ana juya su sama da ƙasa. Kawu ya ɗaga guda ya ce, "Wannan kuma c'est quoi, mene ne shi, jelar ƙadangare?" Tsagewar bango ce. Na fara bayanin haske da inuwa da Faransanci, muryata tana ƙanƙancewa.

Yaaba ta duba su ɗaya bayan ɗaya, a hankali, har na ƙarshe. Ta tambaye ni ina ƙofar da aka shigo da ita tana amarya. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da na fi samun sauƙi. Ta tattara su ta miƙo mini.

"Ajiye abinka, Maigida. Ni in na rufe ido ina ganin gidana. Yaran nan ne na so su gani."

Na gama makaranta, na karɓi takarda, yau da kyamara nake ci. Darasin da ya fi zauna mini kuwa ba a aji na koye shi ba: in an ce ka ɗauki gida, ka ja da baya ka ɗauki gida da mutanensa, fasaharka ta jira. Kwanan baya 'yata ta tambaye ni yadda gidanmu na Zongo yake. Ni da ɗaukar hoto ce sana'ata, na tsuguna na zana mata shi da yatsa a ƙasa.