Sunan Hajara a Jikin Shaf

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tsayar da injin matsar gyaɗa na Wudil da bakina. Lokacin kuɗin man fetur na ambaliya, maigidanmu Alhaji ya yi odar wata na'ura daga Turai, ɗan ƙarfe kamar yatsa. Ana kafa shi dab da shaf, wato sandar da ke juyawa a cikin inji, ba ya taɓa ta, amma ko yaya ta girgiza ko ta gusa, allura za ta nuna a allo. Ni aka koya wa karatun allurar, har aka fara kirana Injiniya. Wayyo daɗi! Har tafiyata ta canza.

Baturen da ya kafa ta ya goge wurin da take kallo a jikin shaf, ya yi sumul kamar madubi, ya ce ko ƙwarzane kada ya samu. Na ce "yes" (Turancina ke nan kaf).

To, ina son Hajara, 'yar Baba Ɗan'azumi, babban makanikenmu mutumin Kausani. Shekara guda na kasa furtawa. Ran da aka kashe inji don wanki, ga wurin nan da Bature ya goge yana sheƙi, ga ƙusa a hannuna. Ka san sauran.

Washegari ana tayar da inji allura ta haukace, ƙararrawa ta ɗauka. Murna kamar ta kashe ni, ga ranar da ilimina zai yi amfani!

Na ƙwala ihu: "A kashe! Shaf zai karye!"

Baba ya ɗora sukudireba a jikin inji, ya kara kunne. "Injiniya, lafiyarsa lau."

"Baba, zamanin kunne ya wuce. Na'ura ba ta ƙarya!" (Wai surukin da nake nema nake gaya wa haka, a gaban leburori.)

Kwana uku inji na tsaye, motocin gyaɗa daga Indabo da Achika sun yi layi har titi. Aka ɗauko Baturen daga Ikko. Ya buɗe, ya haska tocila, ya juya shaf a hankali, ya ce ƙwarzane ne na'urar ke gani, take zaton girgiza ce. Sai ya matsa ido ya karanto da ƙarfi: "Ha-ja-ra. Wace ce?"

Innalillahi! Na nemi ƙasa ta tsage, ta ƙi. Leburori har da masu faɗuwa don dariya.

Baba ya leƙa, ya daɗe yana kallo, sannan ya goge hannu da tsumma. "Gaskiyarka, Injiniya, na'ura ba ta ƙarya. Abin da bakinka ya kasa faɗa shekara guda, ga shi ta faɗa. Sai ka turo magabatanka."

Alhaji ya mayar da ni ɗinkin buhu wata shida. Hajara kuwa, yau jikokinmu tara, kuma ko ƙusar rataye kalanda ba ta bari in riƙe. Shawarata ga samari: in so ya kama ka, tura kawunka, ya fi Baturen Ikko rufin asiri.